Rijiyar sadaka da sunan Baba: sharhi kan kwangilar "turo kuɗi, mu turo hoto"

Idan an share makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai, 'yan nesa sun fara haɗa kaya, akwai wani zama da 'ya'yan mamaci kan yi su kaɗai, a zaure ko a ɗakin babban wa. Tambayar ɗaya ce: me za mu yi wa Baba? Wani ya ce masallaci, wata ta ce a sayi Alƙur'anai a raba, amma galibi magana kan tsaya a kan ruwa. Hadisin da Muslim ya ruwaito kowa ya haddace shi: idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuma da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce.

Masu haƙa burtsatse sun san da wannan zaman. Shi ya sa Facebook da WhatsApp suka cika da tallar "rijiyar sadakatul jariya": ku tura kuɗi dunƙule, su haƙa, su sa famfo, su liƙa allo da sunan marigayi, su turo muku bidiyon yara suna ɗiban ruwa ana kabbara. Wasu kamfanoni ne masu injin kansu, wasu 'yan tsakiya ne da ke hayar inji su ɗora ribarsu, wasu kuma ƙungiyoyin agaji ne. Wannan kunshin gaba ɗayansa shi muke dubawa.

Alherinsa a fili yake. Iyalin da ke cikin jimami, rabinsu a Legas ko Jidda, ba su da ƙarfin zuciyar bin mai inji, mai walda, mai famfo da birkila ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ya ɗauki nauyin komai, a san wanda za a kama, wannan sauƙi ne na gaske. Aibinsa shi ne abin da ake miƙa muku a ƙarshe hoto ne, alhali kusan duk abin da zai sa rijiya ta rayu ko ta mutu yana ƙarƙashin ƙasa inda kyamara ba ta kai. A yadda aka saba sayar da kunshin, cinikin biri a sama ne. Idan aka warware shi kashi-kashi, aka sa ido, to hidima ce da ta cancanci kuɗinta.

Kafin a kira kowane mai inji, a tsaya a kan kuɗin. Dukiyar mamaci tana da jeri: hidimar jana'iza, biyan bashi, wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan rabon gado. Idan Baba ya yi wasicin rijiya, daga sulusin nan za a cire. Idan bai yi ba, babu wanda ke da ikon yankar kuɗinta daga dukiyar kafin rabo sai da yardar kowane magaji baligi, kuma kason ƙananan yara ba a taɓa shi ko da mai kula da su ya so. Haka tumunin matan gida, ba a taɓa shi sai da yardarsu. Mafi tsafta a raba gado, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa. Ƙalilan ne daga masu tallar nan ke tambayar inda kuɗin ya fito, don haka wannan aikin naku ne. Hajiya tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba za ta je wurin haƙa ba, amma a shiga a tambaye ta. Ita ta san ƙauyen da yake aika hatsi duk kaka, da makarantar allon da yake biya wa kuɗin fitila ba tare da 'ya'yansa sun sani ba.

Wannan tambayar ita ke fitar da wurin da ya dace. Uban da ya yi rayuwarsa a fataucin dabbobi, rijiyarsa ta fi ma'ana a bakin burtali ko kusa da kara, da kwamin shayarwa. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, a kai ta tsangaya. Masu kunshi sun fi son wurin da injinsu yake aiki a wannan makon, don su rage kuɗin dizal, sai su ce muku "akwai wani ƙauye mabukaci". Ƙila da gaske ne. A tura ɗan uwa ya je ya gani, ya tambayi mata inda suke ɗebo ruwa da bazara da tsawon tafiyar.

Babban abin da ke lalata waɗannan rijiyoyi gaggawar sadakar arba'in ce. Ana so a ce ranar an buɗe famfo. Idan rasuwar ta faɗo cikin damina, ruwan ƙasa ya taso sama, kowane rami zai ba da ruwa, sai watan Afrilu ya zo famfo ya fara tofar da iska. Lokacin da gwaji ke faɗin gaskiya shi ne ƙarshen rani, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa. Ladan ba ya ƙarewa ranar arba'in. Ɗan kwangilar da ya ce muku "a jira" ya fi wanda ya ce "kwana uku mun gama" abin amincewa.

Sai binciken ƙasa, wanda masu aikin ke kira sabe. Ana kafa ƙarafa a ƙasa, a tura wuta, a auna yadda ƙasar ke tare ta a zurfi daban-daban. Na'urar ba ta ganin ruwa. Abin da take nunawa shi ne kaurin rubabben dutse da inda ake zaton akwai tsaga. A birnin Kano da mafi yawan Kaduna, Zamfara da kudancin Katsina, ƙasan dutse ne mai tauri, ruwa yana zaune ne a rubabben sashen sama da cikin tsagogi, kuma yawancin rijiyoyin da ke aiki suna tsakanin mita 30 zuwa 60. A irin wannan ƙasa taku ashirin kan raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Haɗeja, Yobe da Borno labarin daban ne, yashi da laka ne hawa-hawa. A Maiduguri ruwan hawa uku ne, na can ƙasa ya wuce mita 500. Sakkwato da Kebbi ma ƙasar yashi da laka ce. Don haka duk wanda ya ba ku farashi ɗaya na "ko'ina a Arewa" bai duba ƙasa ba. A biya sabe daban, ga wanda ba yaron mai inji ba, a auna wuri uku aƙalla, a karɓi rahoto a rubuce da sa hannu. A kuma rubuta tun farko wa zai ɗauki asara idan rami ya fito busasshe. Yawancin rigimar da ke kai iyali da ɗan kwangila gaban mai unguwa daga wannan layin da ba a rubuta ba take tasowa.

Wuri ya yi nesa da masai, kwata da juji da mita 30 aƙalla, kuma ya kasance ta saman gangare. A cikin unguwannin birni masu cunkoso wannan yana da wuya, shi ya sa toshe bakin rijiya da siminti, wanda za mu zo kansa, ya zama dole.

Ranar haƙa, wani daga cikin iyali ya zauna a wurin da littafi. Ba sai injiniya ba. Ya auna tsawon sandar haƙa guda ɗaya da tef, sannan ya ƙirga duk wadda ta shiga. Ya sa a riƙa ɗebo abin da ke fitowa bayan kowace sanda ana jerawa a ƙasa tsibi-tsibi: jar ƙasa, yumɓu, rubabben dutse mai marmashi, sannan garin dutse fari-fari ko toka-toka. Wannan jerin shi ne tarihin ramin, kuma daga shi ake sanin inda za a sa bututu mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta ciki. In an gama, a ɗaura ƙarfe a igiya a zura a auna zurfin. Rijiyar da aka biya kuɗin mita 60 aka auna ta 42 ba baƙon abu ba ce, kuma ba a gano ta a bidiyo.

A kesin, wato bututun da ake zurawa ya riƙe bangon ramin, aka fi yin ha'inci. Bututun da ya dace roba ce mai kauri da aka yi don rijiya, mai ɗaukar matsi, bakinta da zare ana murɗa ɗaya cikin ɗaya. Na bogi bututun kwata ne na bayan gida, wanda ake gasa bakinsa a wuta a cusa. Bambancin yana hannu: ka kwantar da shi ka taka da ƙafa, na kwata zai lotsa, na gaske ko gezau. A jikinsa a nemi rubutun girma da matsi. Matsin da ake so shi ne bar 10. Inci 4 ya isa famfon hannu, amma idan za a zura sumo, wato famfon lantarki da ke zama cikin ruwa, ko ana tunanin zura shi nan gaba, a sa inci 5 ko 6, ramin kuma ya fi kesin faɗi da kamar inci uku domin tsakuwa ta sami wurin zama. Tsakuwar ta zama ta kogi, mulmulalliya, wankakkiya, milimita 2 zuwa 4. Fasasshen dutsen kwari ko burji yakan maƙale a hanya ya bar gurbi, yashi ya sami ƙofa. Sannan mita 5 zuwa 6 na sama a cike su da ruwan siminti, kada a mayar da ƙasar da aka haƙo. Buhunan siminti kaɗan ne, amma su ne ke hana ruwan kwata bin jikin kesin ya gangara cikin abin da yara za su sha. Cikin duk abubuwan da masu kunshi ke tsallakewa, wannan ne ya fi ba mu takaici, don ba shi da tsada.

Bayan haka a wanke rijiya da iskar kwamfuresa har ruwa ya fito garau. Minti goma sha biyar ba wanki ba ne. A tari ruwan a farin bokiti, a juya shi da hannu, a bari ya kwanta. Idan yashi ya taru a tsakiyar gindin bokitin, a ci gaba da wanki. Yashin nan shi ne ke cinye cikin sumo cikin 'yan watanni.

Gwajin ƙarfin ruwa kusan ba ya cikin kunshi sai an nema. A zura famfo a ja ruwa ba tsayawa na awanni, huɗu zuwa shida ga ƙaramar rijiya, ana auna yadda ruwan ke sauka, sannan a kashe a ga saurin dawowarsa. Lissafin mai sauƙi ne da jarka da agogon waya. Jarkar lita 25 ta cika cikin daƙiƙa 100, rijiya na ba da rubu'in lita a daƙiƙa, wanda ya ishi famfon hannu. Ta cika cikin daƙiƙa 25, lita ɗaya ke nan a daƙiƙa, sola za ta zauna daram. Abin lura, awon da za a riƙe shi ne na awa ta ƙarshe. Na farko ruwan da ya taru a cikin bututu ne kawai.

A kai samfuri ɗakin gwaji kafin a ce wa jama'a bismillah. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar naitiret miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, ƙarfe 0.3, dalma 0.01, kuma kada a sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko ɗaya. Ruwa na iya zama garau yana ɗauke da illa. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa kafin a farga, kuma an san yankin Kaltungo da Langtang da irin wannan sinadari. A wuraren haƙar zinariya na Zamfara a ƙara da gwajin dalma. A kuma nemi awon tsamin ruwan, domin shi zai zaɓa muku famfo.

Famfon tuƙa-tuƙa iri biyu aka fi gani. India Mark II jarumi ne, yana ɗaga ruwa daga kusan mita 50, kayan gyaransa suna kasuwa, amma bututunsa da sandunansa na ƙarfe ne mai rufin tutiya. Idan lambar awon tsamin ruwa (pH) ta yi ƙasa da 6.5, wato ruwan ya yi tsami, wanda ake yawan samu a ƙasar dutse, tsatsa kan cinye su. Ruwan safe ya fito ja, tuwo ya canza launi, mata su koma tsohuwar rijiyarsu. Maganinsa a sa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, da sanduna irinsa, a kuma gan su da ido kafin a zura. Gyaransa yana bukatar a zaro bututun duka, aikin maza da yawa da kayan aiki. Afridev kuwa bututunsa roba ne, yana kai mita 45, kuma mutum biyu da sifana ɗaya za su iya zaro sanduna su canza robobin ciki ba tare da taɓa bututun ba. Robobin nan da bushin da hannun famfo ke juyawa a kai suna cinyewa, sai an sauya su kamar sau ɗaya ko biyu a shekara. Ga ƙauyen da ke nesa da gari mun fi karkata ga Afridev, da sharaɗin ɗan kwangila ya bar kayan sauyi na shekara biyu, ya kuma koya wa mutum biyu a wurin. Famfon hannu ɗaya na mutum 250 zuwa 300 ne. Aka ɗora masa gari guda, hannunsa zai fara girgiza kafin shekara.

Sola ita ce abin yayi, ita ce kuma ta fi kyau a hoto. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sumo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a rijiyar da ba ta wuce rubu'in lita a daƙiƙa ba. Zai zuƙe ta cikin mintuna, ya ci gaba da juyi a bushe, ya ƙone. Famfo ya riƙa jan abin da bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin da gwaji ya nuna ba. Ƙaramin famfo da ke aiki awa shida na rana mai kyau ya fi babba da ke shaƙewa. Doki ɗaya kusan wat 750 ne, farantan sola kuma su zarce ƙarfin famfon da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, su fuskanci kudu, a ɗan jingine su kamar digiri 12 zuwa 15. Dole a sami na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya yi ƙasa, da wadda ke kashe shi idan tanki ya cika, da wayar da ke sauke tsawa ƙasa. A ɗaura sumo da igiya ta daban, kada a bar nauyinsa a kan waya. Kayan Grundfos da Lorentz suna da inganci da tsada, kuma kasuwa cike take da masu kama da su, don haka a nemi lambar jikin famfon da takardar garanti da sunan iyali. Da hunturu ƙura kan rufe farantan, ruwa ya ragu, a fara zargin famfo alhali tsumma da bokiti ne maganin. Ɓarayi kuma sun san darajarsu: a walde kusoshin, a ɗaga su sama, kusa da gidan da ake kwana.

Tankin lita 5,000 idan ya cika tan biyar ne. Masu kunshi kan rage kaurin ƙarfen hasumiya da zurfin tushenta, su shafe da fenti mai sheƙi. A duba kaurin ƙarfen kafin fenti, a tabbata gindin tanki yana zaune a kan shimfiɗa mai bai ɗaya, domin tankin roba da aka ɗora kan sanduna uku yakan tsage ta ƙasa. A lissafin lita 20 ga mutum a rana, wannan tankin na mutum 250 ne. Kawunan famfo su ne ke fara mutuwa. A sayi na tagulla masu nauyi, a ajiye wasu. Daɓen siminti ya gangara zuwa magudana, magudana ta kai ramin tsotse ruwa da aka cika da duwatsu, kwamin dabbobi kuma ya yi nesa da bakin rijiya. In ba haka ba, bayan wata uku wurin ya zama taɓo da sauro.

Batun fili ba ya cikin kowane kunshi, kuma yana kashe rijiyar da ba ta da wata matsala. An haƙa a ƙofar gidan gado, bayan shekaru an sayar da gidan, sabon mai gida ya ja katanga. Ko wani ya ba da gefen gonarsa da baki, ya rasu, magadansa suka sa kwaɗo. A rubuta wakafi, da iyakokin wurin, da sa hannun mai filin, mai unguwa ko dagaci, liman da shaidu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu hukumomin zakka da wakafi, ana iya neman shawararsu. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi a Madina har yau ana ambatonta cikin wakafinsa.

Sai kuɗin gyara. Ra'ayinmu, iyalin da ke da kuɗin sola cif-cif ba tare da ragowa ba, gara su yi famfon hannu su ajiye sauran. A sa mutum uku na unguwar su riƙe wurin, cikinsu har da mace, tunda mata ne ke fara sanin ruwa ya ragu. Wasu iyalai kan bar magidanta su ɗiba kyauta, 'yan ga-ruwa masu kura su biya ɗan abin da za a tara don gyara. Wasu kan ji nauyin a karɓi ko sisi a rijiyar mahaifinsu. Duka biyun suna da fuska, a tambayi malami, amma wanda ya zaɓi na biyun sai ya ware wata hanya, ko hayar shago ɗaya, ko karo-karon 'ya'ya duk bayan sallah.

Allon suna ƙaramin abu ne da ake yi a gurguje. Bugun roba yakan koɗe cikin rani biyu. A sassaƙa a marmara ko ƙarfe. A karanta rubutun sau biyu kafin a sassaƙa, don sunan uba da kuskure yana ci wa 'ya'ya rai duk ranar da suka zo. Kada a sa ayar Alƙur'ani a ƙasa inda ruwan wanki ke fantsama. Wasu gidajen ba sa son suna sam, gudun riya, sai dai "a sa mai wannan rijiya a addu'a", kuma wannan ma ya wadatar. Abin da muke so a ƙara a gefe, ko da da ƙananan haruffa, shi ne shekarar haƙa, zurfin rijiya, zurfin da famfo yake, da lambar wanda za a kira. Makanikin da zai zo bayan shekara bakwai zai gode muku.

Biyan kuɗi a yi shi hawa-hawa: sabe daban, kafin alƙalami na kai inji, kaso mafi tsoka bayan an sa kesin an yi gwajin ƙarfin ruwa a gaban wakilinku, wani bayan sakamakon ɗakin gwaji da ɗaura famfo, sannan a riƙe kashi 10 cikin ɗari har wata shida. Kamfanin kirki ba ya ƙin wannan tsari, zai ma nuna muku rijiyoyin da ya haƙa shekara uku da suka wuce ku je ku murɗa famfon da kanku. Ɗan tsakiya ne ke cewa sai an biya duka saboda dala na tashi.

Akwai hidimar da ba a cika tallatawa ba saboda ribarta kaɗan ce: tayar da matacciyar rijiya. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da burtsatsen da ya tsaya saboda roba ɗaya, ko sanda ta tsinke, ko sumo ya ƙone. A nemi izinin masu ita a rubuce, a zaro abin da ke ciki, a zura igiya a ga ko kesin bai rufta ba, a wanke da kwamfuresa, a yi gwajin jarka, a zuba sinadarin kulorin ya kwana, a ja ruwan har warinsa ya tafi, sannan a kai samfuri ɗakin gwaji. Idan ramin lafiya yake, kuɗin sabuwar rijiya ɗaya kan iya tayar da biyu ko uku.